Zanen Ƙarƙashin Katifa

Ina aji huɗu na firamare wata 'yar wasan kwaikwayo ta tare a gidan da ke jikin namu a Yakasai. Anti muke ce mata. A dandamalin makarantarsu ta fara wasa, ta yi rediyo, ta yi talabijin, sannan fim. Ban taɓa iya haɗa ido da ita ba. Ƙafarta nake kallo in na gaishe ta, har na san duk takalmanta.

Da kayansu 'yan wasa ke zuwa wurin ɗaukar fim. Da aka ba ta matsayin tsohuwa mai ƙosai, sai ta ari wani koɗaɗɗen shuɗin zanen Kaka, mai ƙunar garwashi a gefe. An ɗauki rabi azumi ya kama, aka dakata, ta dawo da shi a ninke.

Ashe abin na cin Kaka. Duk Kano ta ga zanenta a koɗe? Ba ta gaya wa kowa ba, ta aika da shi marina, aka rina, aka buga.

Bayan Sallah Anti ta shigo karɓa. Kaka ta miƙa mata, sai ƙyalli yake.

"Innalillahi! Inna, me kika yi masa?"

"Gyara miki na yi. Da tsumma za ki fita duniya?"

"Ai tsumman ake so! An nuna na shiga ɗaki da tsohon zane, sai in fito da sabo?"

"Ki ce kin canja. A fim ɗinku mata ba sa canja kaya?"

"Man gyaɗa na shiga ɗaukowa, Inna, ba biki za ni ba. Gobe za a ƙarasa. Darakta ba zai maimaita ba, cire tsohuwar zai yi. Shekara nawa ina jiran matsayi irin wannan?"

Ta zauna a bakin rijiya ta dafe kai. Ina rakuɓe bayan randa. Na san ƙyalle ɗaya aka raba biyu, domin ni ke gyara gadon Kaka.

"Akwai ɗan'uwansa ƙarƙashin katifa," na ce, murya can ƙasa.

Anti ta ɗago. "Au, dama kina magana?"

Aka zaro shi. Koɗewar iri ɗaya ce, ƙunar ce babu. Na sa yatsa inda ƙunar wancan take: ta hagu, taƙi ɗaya daga bakin zanen. Kaka da kanta ta ɗauko garwashi a cokali ta ɗora, tana mita wai yau ta ga inda ake ƙona kaya da gangan.

Da fim ɗin ya fito, ba wanda ya gane. Kaka ce kawai, duk kallon da muka yi, da tsohuwar ta leƙo daga ɗaki sai ta zungure ni. "Ga na ƙarƙashin katifa nan."

Daga baya ciwon gwiwa ya hana Anti fita aiki, ta koma wurin 'yarta. Kaka ta rasu bara. Da aka zo raba kayanta, kowa mai ƙyallin yake so. Na roƙi koɗaɗɗen mai ƙunar, aka ba ni ana dariya.