Mai Gyaran Rediyon da Ya Ƙi Farkar da Jaruminsa

Haihuwa da karatu

An haifi marigayi, wanda aka fi sani da Baban Goyo, a shekarar 1951, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa ma'aikacin tashar ne, mahaifiyarsa kuma tela ce. Ya shiga firamare a 1958, sannan ya zarce makarantar koyon sana'a a 1965, inda ya ƙware a gyaran rediyo, ya kuma kamu da sha'awar labaran taurari da halittun wasu duniyoyi.

Sana'a da iyali

A 1970 ya buɗe shago a ɗakin ƙasa na gidan da yake haya, kuma a 1974 ya auri wata ma'aikaciyar jinya. Da Allah ya azurta su da 'ya'ya, kasancewar aikin asibiti ba ya jira, shi ya ɗauki raino: ya goya jariri da zani, yana liƙe wayoyi da dalma, tukunya na tafasa a bayan shago. Nan ya samo laƙabinsa. Wani direba maƙwabcinsa kan leƙo ya ce, "Amarya, me aka ɗora yau?" Shi kuwa ya amsa, "Tukunya. Kai me ka taɓa ɗorawa in ban da murya?"

Rubutu da gwagwarmaya

A 1981 ya kammala littafinsa, ƙagaggen labarin wani matuƙin kumbo da ya sauka a tauraron da mata ke tuƙi da shari'a, maza ke raino da girki. Matuƙin ya fara da izgili, daga bisani ya sami natsuwa, ya kyautar da kumbonsa, ya tsufa a can cikin 'ya'yan da ya rena.

Maɗaba'ar da ya kai wa ta yaba, amma ta gindaya sharaɗi guda: a babin ƙarshe jarumin ya farka a gadonsa, matarsa na miƙo masa karin kumallo, ashe duk mafarki ne. Editan ya ce, "Malam, a bar mutane su yi dariya su koma gida lafiya." Marigayi ya fahimci cewa idan jarumin ya farka, rayuwarsa shi ma ta zama abin dariya ke nan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ido biyu na yi nawa." Ya tattara takardunsa ya fita.

Sauran maɗaba'u ma haka suka ce, har sai a 1993 da wata ƙaramar maɗaba'a ta buga shi yadda yake. A 1995 littafin ya lashe lambar yabo ta ƙungiyar marubuta, a rukunin labaran kimiyya da al'ajabi.

Shekarun ƙarshe

Bayan rasuwar mai ɗakinsa a 2009, ganinsa ya raunana, ya rufe shago. Babban burinsa a lokacin shi ne yara su karanta littafin a aji. A 2016 wani kwamitin manhaja ya amince da haka, bisa wancan tsohon sharaɗi na mafarki. Marigayi, yana kwance a gadon jinya, ya san dama ba za ta sake zuwa yana raye ba. Duk da haka ya dubi autarsa ya ce, "Auta, gaya musu mutumin nan ba barci yake ba." Littafin bai shiga makarantu ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a farkon 2017, yana da shekara sittin da shida, aka yi jana'izarsa a ranar, aka binne shi kusa da mai ɗakinsa. Ya bar 'ya'ya huɗu: Babba, injiniyar gadoji, Ɗan'inna, malamin 'yan aji ɗaya, Gajere, mai gidan burodi, sai Auta, lauya, wadda ya damƙa wa haƙƙin littafin. Kwamitin ya sake tuntuɓarta bayan makoki, ta ba su amsar mahaifinta, ba ta ƙara ko harafi ba. Allah ya jiƙansa da rahama.