Barista Sirajuddeen Ya Tafi, Ƙarar Ilu Na Gaban Alƙali

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 10 ga watan Yuni, 2025, ina cikin tankaɗe a gidanmu na Ɗanzomo aka bugo mini waya cewa Allah ya karɓi ran Barista Sirajuddeen Hussaini a Gumel, bayan jinyar kwana biyar. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Barista, ni ce Tayyiba, yayar Ilu. Ƙanen nawa yana ɗaurin shekara guda saboda faɗa a kasuwar Maigatari, saura masa wata uku, sai labari ya kai masa cewa mahaifiyarmu tana kwance rai a hannun Allah. Da aka fita da fursunoni aikin share ciyawa, ya sulale. Washegari ta cika a hannunsa. Ana dawowa daga maƙabarta ya shiga mota ya je ya miƙa kansa. Kotu ta ƙara masa shekara biyar.

Ranar da na zo ofishinka ina kuka, ba ka lallashe ni da ƙarya ba. Cewa ka yi, "Malama Tayyiba, guduwa laifi ne. Amma wanda ya dawo da ƙafarsa ba ɗaya yake da wanda aka kamo ba. Za mu ɗaukaka ƙara."

Tsakiyar damina motarka ta kafe kusa da Sule Tankarkar. Ka bar ta a can, ka hau acaɓa, ka iso garinmu da wando a naɗe, duk don ka ji ta bakin limamin da ya sallaci gawar. Sau bakwai ana ɗage zaman kotu, sau bakwai kana zuwa.

Ban taɓa ganin fushinka ba sai ranar da Ilu ya ce idan aka ƙi rage masa zai sake neman hanya. Ka buga teburin ziyara har gandiroba ya leƙo. "Ka sake gudu, ni ka ɗaure, ba kanka ba!"

An sa ranar yanke hukunci a watan gobe. Abokiyar aikinka, Barista Rahama, ta karɓi takardun, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Sau biyu ina isa ƙofar gidan yarin ina juyowa. Jiya na daure na shiga na faɗa wa Ilu labarin rasuwarka. Sai ya ce, "Yaya, ki gaya wa iyalinsa, ko shekara biyar ɗin aka bar mini, zan zauna."

Hajiya Bilkisu, uwargidan marigayi, ga saƙon na isar gare ki da 'ya'yanki. Allah ya ba ku haƙuri da dangana.

Ya Ubangiji, wannan bawa naka ya ƙare rayuwarsa yana roƙa wa masu laifi sassauci. Yau shi ne a gabanka. Ka jiƙansa, ka yafe masa, ka sassauta masa hisabi. Amin.