Ɗakin da muka toshe wa yoyo

Ina saman karafan, motar nan mai ɗakin kwana ta kafilinmu, wato maigidanmu, a Riyad, ina sakin ruwa da tiyo kan ɗakinta da ake turowa waje in an yada zango. Malam Isuhu, abokin aikina, yana ciki yana neman inda ke yoyo.

Ya ɗaga murya, "Tsaya nan! Rana ta cinye robar bakin rufin."

Muka canza ta, na sake zuba ruwa, ko ɗigo.

Na ce, "Kalas, an gama, Malam, ka saki fuska mana."

Ya daɗe yana kallon rufin. "Wannan sai lokacin sanyi ake kwana cikinsa. Tsohuwata kuwa a Damagaram, duk damina da kwano take tarar ruwa."

Na naɗe tiyo, na sauko.

'Yan'uwa matafiya, wa ke duba muku rufin gida?