Sarkin da Na Goge da Lemon Tsami

Shekarata biyu ina shara da goge-goge a ofishin wani Balarabe a unguwar Port Saeed, can ƙasar Larabawa. Saura wata guda bizata ta ƙare, kuma sai da sa hannunsa za a sabunta ta.

Dillalin kayan tarihi ne. Yana da wani faranti da ya jera lambobin tagulla a kai, kowacce ta kai tafin hannuna. Ya taɓa nuna mini ɗaya: kan wani sarkin Turai, ya juya gefe, hanci kamar lauje, a bayanta doki da ganuwa. Ya ce ta shekara ɗari biyar, kuma ba kuɗi ba ce. Sarakunan ne ke sa a zuba musu kamanninsu, su aika wa takwarorinsu, don fuskarsu ta isa inda ƙafarsu ba ta taka ba, a san da su, a shiga taitayi.

Ni dai dauɗa na gani. Kore-kore, baƙi-baƙi, sarki guda! A gidanmu, in tasa ta yi haka, Inna sai ta ci mutuncin mutum. Da toka da tsamiya take dirzar nata, kuma duk cikin 'ya'yanta ni take yabo da iya hannu.

Ran nan ya yi tafiya, ya mance farantin a kan tebur. Na ce bari in burge shi kafin maganar biza. Na yanka lemon tsami, na barbaɗa gishiri, na dirji mai hancin nan har sai da na ga fuskata a kumatunsa.

Sakatariyarsa na shigowa ta ɗora hannu a ka. Ashe dauɗar nan ita ce darajar abin.

Saura kwana huɗu ya dawo. Wayyo, kwana huɗun nan! A bas zuwa International City, inda nake kwana, na kasa zama, in tashi in koma. Na haɗa kayana, na kwance, na sake haɗawa. Har shafa wa lambar ruwan shayi na yi ko za ta dushe. Ina! Sai ƙyalli take.

Da ya dawo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya juya ta gaba da baya, ya ce, “Khalas.” Wato shi ke nan.

Raina ya ɓaci, na ce, “Ranka ya daɗe, ba kai ka ce sarkin so yake a ga fuskarsa ba? To ga ta an gani!”

Bai sa hannu ba.

Sati uku bayan haka ina tsakar gidanmu a Zariya. Inna ta turo mini tasa da kaskon toka, tana murna. “Ungo, 'yar nan. Tunda kika tafi ba wanda ya iya.”

Na karɓa. Na zauna riƙe da ita, hannuna ya ƙi motsi.