Rabon Yara

Shin Malam, mijina, ya san ba zai kai la'asar ba, lokacin da ya ce a cire igiyar wutar nan? Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce ajali ne, in yi haƙuri. Na yarda ajali ne, amma ba abin da na tambaya ke nan ba. Ni ban yi karatu ba. Maƙwabciyata, malamar makaranta, ita ce take rubuta wannan, ina faɗa ina kuka, tana jira in share hawaye mu ci gaba.

Mijina direba ne tun kafin a kawo ni gidansa a Ƙofar Atiku. Ya ja babbar mota, ya ja ta haya, da girma ya kama shi sai ya koma jan motar wata makaranta a Gidan Dahala. Allah bai bar mana ɗa a raye ba, saboda haka yaran motar nan su ne hirarmu. Idan ya dawo sai ya ba ni labarin wadda ta yi barci har aka wuce gidansu, da wanda ya sauka da takalmi ƙafa ɗaya. Ban taɓa ganin yawancinsu ba, amma na san halin kowa.

Wata shekara makarantar ta kawo sababbin motoci masu aiki da batir. Ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara. Ranar da ya fara zuwa da tasa bakin lungunmu, ban ji isowarsa ba sai sallamarsa a zaure.

Na ce, "Malam, mota ba ƙara? Wannan ai sai ta take mutum bai sani ba."

Ya ce, "Ta dai hi ki shiru, shi ya sa munka shirya da ita."

A rufin makarantar akwai faifan sola, daga nan motocin suke cika cikinsu. Da safe a kai yara, sai kuma bayan azahar a kwaso su. Tsakanin nan mota tana zaune da wuta a cikinta, mu kuma a unguwa an ɗauke mana tamu, zafi kamar zai dafa mutum. Sai makaranta da masu unguwanni suka yi shawara: duk ranar da babu wuta, mota ta je ta tsaya a unguwa a jona mata igiya. Lokacin hutu ma a harabar makarantar ake jona su, wutar ta bi wayoyi ta shiga gidaje. Tamu tana tsayawa kusa da famfon burtsatse, don lungunmu ya yi mata ƙunci. Ita ke tayar da injin ruwa, ita ke riƙe firijin ƙaramin asibitinmu, mai niƙa ma yana samu.

Malam yana da doka ɗaya. A gaban sitiyari akwai wasu korayen sanduna da ke raguwa idan ana shan wutar. Ya manna jan tef a wani wuri. Da sun sauko kan tef ɗin, sai ya cire igiya, ko da bokitin mace bai cika ba.

Mata su ce, "Haba Baba direba, ko jarkar nan ka bari ta cika!"

Ya ce, "Wanga rabon yara ne. Ke in kin kwashe tuwo, kina ba baƙo na wanda bai dawo gida ba?"

A wurina ya ɗauko wannan magana, don tun ina amarya ban taɓa raba abinci ban rufe na wanda yake waje ba.

Daga baya ciwon ƙirji ya kama shi. Likita ya ce hayaƙin tsofaffin motoci ne ya taru masa. Aka sallamo mu daga asibiti da injin numfashi wanda ba ya aiki sai da wuta. Motar ta koma hannun wani magidanci daga Sabon Gari, wanda Malam ya koya wa hanya da doka. Makaranta ta yarda a ja igiya daga motar ta ratsa zaurenmu har ɗakin Malam. Da rana ita ke riƙe injin, ta kuma cika mana wani ƙaramin batir da muke dogara da shi idan ta tafi.

Sai aka yi ruwan farko, da iska mai ƙarfi. Turakun wuta suka faɗi, wayoyi suka zube a hanya cikin ruwa. Rufinmu ya yi yoyo a kan ƙaramin batirin, ya mutu. Gari ya waye da gajimare, sola bai sha rana ba, motar ta zo mana ba a cike ba.

Ana kiran azahar sabon direban ya yi sallama, ya durƙusa a ƙofar ɗaki. Injin yana ta gurnaninsa kusa da katifa.

Ya ce, "Baba, wuta ta kai kan tef. Amma ba zan cire ba. Zan kira makaranta, kowa ya nemi ɗansa."

Malam ya janye robar injin daga hancinsa. "Su taho da ƙasa? Wayoyi na kwance cikin ruwa, ka ce ƙananan yara su taho da ƙasa?"

"To a sa su a keke mai ƙafa uku, Baba."

"Keke nawa? Wa ya san gidajensu in ba kai ba? Haka na koya maka?"

Direban ya juyo gare ni. "Mama, ki yi masa magana."

Na ce, "Malam, don girman Allah, yau ɗaya dai."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Tsohuwa, ke ma so kike bokitinki ya cika? Rabon yara ne. Tahi, ɗana, cire ta."

Mutumin nan ya fita yana share ido da hular kansa. Ya ce zai sauke yara, ya samo abin da ya samu na caji, ya dawo kafin la'asar. Wani maƙwabci ya hau babur neman aron janareta. Injin ya yi shiru. Ban taɓa jin gidanmu ya yi shiru irin na ranar ba. Na ɗauki mafici na zauna kusa da kansa ina yi masa fifita, ina jin numfashinsa yana shiga da ƙyar.

Can sai ya yi mini magana, ya aike ni madafa. Na tashi don ban saba musa masa ba. Na dama fura a ƙwarya, na rufe da faifai, na dawo. Na tarar ya juya fuskarsa gabas, yatsansa a miƙe. Janareta ya iso, mota ta iso, yara duk sun shiga gida lafiya.

Har yau motar tana tsayawa a bakin lungu duk ranar da aka ɗauke wuta, jan tef ɗin yana nan inda ya manna shi. Direban ya ce a ja mini igiya ko don fanka, na ce a bar wa asibiti. Ina zama a zaure in ga wucewarta da yara, ba mai ɗago mini hannu, don ba su san ni ba. Ba ni da mai ba ni labarinsu yanzu.

Abin da ke cina shi ne aiken nan. Ko yunwar direban ce ta dame shi da gaske, ko kuwa ba ya so in ga fitar ransa? Ga dai abin da ya ce mini, yana riƙe da bakin zanina:

"Tashi ki aje ma direba rabonai na hura. Tun sahe bai ci komi ba."