Abin da Nake Faɗa wa Ruwan Tiga

Wutar da muke zama a gefenta ba don mu ake hura ta ba, don kifi ake hura ta. Bayan ruwan Tiga ya ci garinmu, an yanka mana fili a kan tudu a ƙasar Bebeji, maza irin su Baba da suka tashi da fartanya a kafaɗa suka koma koyon kamun kifi da girmansu. Abin da bai shiga kasuwa ba, kakata Iya ce ke banda shi. Da an ci tuwo bayan magariba sai ta jera kifin a kan waya, ta tura kara da ɓawon gyaɗa a ƙasa, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno tana juya shi da tsinke. Mu yaran gida da na maƙwabta mu kewaye ta. Hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai tashi.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wa ya zo da kunnensa?" Mu ce duk mun zo da su. Ta ce to a shimfiɗa, za ta zuba kaya. Muryarta ƙasa-ƙasa take, sai ka matso kake ji, kuma ta iya tsayawa daidai inda ranka ya rataya, ta ce bari ta duba kifi.

Sunana Hanne. A lokacin ban wuce shekara bakwai ko takwas ba, amma sunana ya riga ya ɓaci a unguwa. In mun zauna gaban wuta, akwai fili a damana, akwai fili a haguna, domin iyaye sun ja wa 'ya'yansu kunne kada su zauna jikina.

Ga yadda abin ya faro. Mahaifiyata, da nake kira Inna, ta rasu wajen haihuwa a daminarmu ta ƙarshe a tsohon gari, ita da jaririn. Da na fasa kuka, matan gida suka rufe mini baki, suka ce hawaye na ƙona mamaci. Daga ranar ba wanda ya sake ambatar ta a gabana, ni kuma na ɗauka ambaton nata ma laifi ne. Ranar tashi an kwashe komai. Turmi, awaki, tukwane, ƙyauren ɗaki, har azarar rufi sai da Baba ya zare. Ina kan kaya a bayan mota ina ta jira in ga an nufi maƙabarta. Ba a nufa ba. Bayan wasu watanni ruwa ya rufe wurin gaba ɗaya.

Abin da ya dame ni ba mutuwar ba ce, don ban gama sanin ta ba. Damuwata ita ce Inna ba ta san inda muka koma ba. Saboda haka duk sanda aka aike ni itace ko ɗiban ruwa, sai in zarce bakin dam, in hau wani faffaɗan dutse, in fuskanci inda garinmu yake a da, in yi mata kwatance. In ce mata in ta fito ta bi hanyar shanu, ta bar bishiyar kuka a hannun dama, gidanmu shi ne mai sabuwar dangar kara kusa da masallaci. In na gama kwatancen sai in ba ta labari: akuyarta ta haihu, haƙorina ya fita, zanen da ta ɗinka mini ya yi mini kaɗan.

Mata masu wanki suka gan ni. Kafin sati ya zagayo magana ta cika unguwa cewa 'yan ruwa ne ke kirana. Wasu suka ce ba wasu 'yan ruwa, taurin kai ne da rashin uwa. Baba ya hana ni zuwa, na koma. Ya zane ni da tsumagiya, na koma. Duk dukan da ya yi mini, abin da yake tambaya shi ne ko bai hana ni ba, kuma wace ce ke zuga ni. Aka kai ni wurin wani malami, ya ba ni rubutu na sha, aka lulluɓe ni da bargo aka yi mini hayaƙi har na shiɗe, aka rataya mini laya a wuya. Mutanen nan ba mugaye ba ne. Tsoro suke ji kada wata rana a tsinci gawata a ruwa. Amma a cikinsu duka, da mai dukan da mai addu'ar, ba wanda ya tsuguna ya ce, Hanne, me kike zuwa yi?

Iya kuwa tana kallo. Baba ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta ba yaro ya kai wa "mutumin gidan nan", ko da yana zaune taku kaɗan daga inda take. Haka ta tashi ta ga ana yi, haka ta riƙe har tsufanta.

Wata rana, washegarin wani duka da na sha, Baba bai fita hira ba. Ya zauna a ƙofar ɗakinsa da fitila yana gyaran koma, wato ragar da yake kamun kifi da ita. Iya ta tambayi kunnuwanmu kamar kullum, sai dai a ranar ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, har wata yarinya ta ce Iya yau ba sai mun matso ba.

Ta ce wani yaro ne uwarsa ta mutu. Da aka dawo daga binne ta, sai wata kurciya ta sauka a kan bishiyar marke a bayan gari ta kama kuka, yaron ya ji muryar uwarsa a cikin kukan. Kullum da sassafe sai ya hau rumbun ubansa ya ɗebi gero cikin tafin hannu, ya ruga gindin marken ya watsa, yana waƙa. Nan Iya ta rage murya ta rera, tana kaɗa tsinken hannunta:

"Kurciyar kan marke, sauko ki ci,
Ba wanda ya gan ni, sauko ki ci."

Uban ya lura gero na raguwa. Ya yi kwanto ya kama shi, ya doke shi, ya ce ya haifi ɓarawo. Yaron bai daina ba. Aka tara manyan gari. Wannan ya ce ƙuli-ƙuli yake saye da geron. Wancan ya ce mayya ce ta kama kurwarsa yake ciyar da ita. Wani ya ce ai tun yana goye ya ga alamar a idonsa. Iya ta dakata, ta juya kifi ɗaya, ta ce, "Kowa a garin nan ya faɗi abin da yaron ke yi da geron. Mutum ɗaya ne ba a ba shi baki ba."

Aka kore shi daga gari. Kurciyar ta tashi, ya bi ta, har ta kai shi wata fadama a tsakiyar daji inda tsabar da take zubarwa ta tsiro ta yi zangarniya. Nan ya zauna, ya yi bukka, ya yi noma, ya girma shi kaɗai. Bayan shekaru yunwa ta faɗa wa garinsu. Mutane suka ji labarin wani manomi a daji mai rumbuna, suka ɗauko jakuna suka zo, har da uban, ya tsufa ya rame. Yaron ya gane su, su ba su gane shi ba sai da ya faɗi sunansa. Ya cika wa kowa buhunsa.

Wani cikinmu ya tambaya ko daga nan ya bi su gida.

Iya ta ce, "Na ubansa ma da hannunsa ya ɗora masa a kan jaki, ya ɗaure masa da kyau. Ya raka shi har bakin fadama. Sannan ya juya." Ta shafa tafin hannunta a zane. "Na sauke kayana a nan. Wanda ya ga nasa ya ɗauka."

Ni dai na gane da wa take.  Na saci kallon Baba. Bai ɗago daga komarsa ba, ya ciji zare ya tsinke shi, ya ce, "To kun dai ji. Yaron da ba ya jin magana, ƙarshensa daji." Iya ta sa tsinke ta juya wani kifi da ƙarfin da ya sa ya rabe biyu, rabi ya faɗa wuta. Ba ta ciro shi ba.

Ba a jima ba aka yanke shawara a kai ni wurin ƙanwar Baba, Gwaggo Rabi, da ke aure a wani ƙauye gindin duwatsu a ƙasar Doguwa, inda babu babban ruwa. Da safen ranar tafiya Iya ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta tana yi mini kitso. Can ta sunkuyo daidai kunnena.

"Na san wurin wa kike zuwa," in ji ta. "Nawa ma suna can. Kakanki, da waɗanda na haifa ba su zauna ba."

Na juyo har kitson ya kuɓuce mata. Na ce, "To ki faɗa wa Baba."

Ta mayar da kaina yadda yake, ta ci gaba da kitso. "Na faɗa masa da bakin da nake da shi."

A Doguwa na girma, cikin masara da tsakuwa da shanun Fulani masu wucewa zuwa Falgore. Gwaggo ba ta cuce ni ba, abin da 'ya'yanta suka ci shi na ci. Ganin na daina magana ni kaɗai, na ma kusa daina magana da kowa, sai ta aika gida cewa na warke. A nan na koyi abin da manya ke kira hankali: ka haɗiye abin da ke ranka, a ce ka natsu. Watanni na yi ina kwana da tunanin Inna ta fito ta bi kwatancena ta isa gida ba ta same ni ba. Ranar da na gane ba za ta taɓa fitowa ba, ina tsinkar kuɓewa a bayan gida, ba kowa kusa. Na gama tsinka na kai wa Gwaggo. Iya ta rasu ina can, sai bayan an yi sadakar bakwai labari ya iso mini.

Na daɗe ina riƙe da tatsuniyar nan kamar kyauta, ina cewa ko ba komai mutum ɗaya ya gane ni. Sai da na yi aure na haifi nawa, na ga yadda yaro ke zuwa da magana cike da baki yana neman wanda zai tsaya, sannan wani ɗaci ya fara taso mini game da Iya kanta. Ta sani. Kalma kaɗan za ta faɗa a daina dukana, a bar ni a gidanmu. Ta auna kunyar ɗan fari da bayan jikarta, kunya ta fi nauyi. Ta naɗe gaskiya a cikin kurciya da marke ta miƙa wa mutumin da bai taɓa ɗaukar tatsuniya a bakin komai ba, mu yara da muka gane kuwa ba mu da ta cewa. Ina yi mata addu'a har gobe, ina kuma jin haushinta, kuma na daina ƙoƙarin raba su biyun.

Da Baba ya tsufa idonsa ya yi rauni, nakan kai masa jikokinsa gaisuwa. A wata ziyara, muna zaune a inuwar zaure da hantsi, sai ya kama ba su labari yana dariya, wai uwarsu da suke gani shiru-shiru, tana ƙarama 'yan ruwa sun taɓa kama ta, ba don an tashi tsaye ba da tuni sun tafi da ita. Yaran suka dube ni suna dariya. Na tura su cikin gida. Sannan, da furfura a kaina, na faɗa masa abin da nake zuwa yi a kan dutsen nan, da kwatancen, da labarin akuya, duka.

Ya yi ta murza carbinsa. Na zaci zai musa, ko ya ce in yafe masa. Sai ya ce shi ma yana zuwa. Ya ce in ruwa ya ja baya da rani, kan rimin da ke bakin maƙabartar yakan leƙo, shi ya sa wurin bai taɓa ɓace masa ba. Kusan kullum in ya fita da kwalekwale sai ya tsaya a kai, ya ajiye filafilin tuƙi, ya yi mata addu'a, wani lokaci ya yi mata magana. A shekarun nan da yake dukana ma haka yake yi.

Na ce, "Baba, da ka ɗauke ni ko sau ɗaya."

Ya juyo da idanunsa da ba sa gani sosai, da mamaki na gaskiya a fuskarsa.

"Ke da kike yarinya a lokacin," ya ce. "Me kika sani?"