Gwaiduwar da Inna Ta Soya Mini

Jiya jikata ta fasa ƙwan zabi cikin man shanu. Ƙamshin ya tuna mini da Inna, uwar mijina, har na kasa cin tuwon dare.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zama Sakkwato ba, mijina yana aikin kuku a gidan wani Bature. Matar Baturen farin ƙwai kawai take so, gwaiduwar kuwa ta ce a zubar. Shi kuma ya riƙa kawo mana ita gida a gwangwani.

Ina da cikin fari, komai na ci sai na amayar, na rame har warwaro na zamewa daga hannuna. Inna ta soya gwaiduwar da albasa, ta ajiye a gabana. Matan gida suka yi mata ca, wai mai ciki in ta ci ƙwai ɓarawo za ta haifa.

"Ɓarawo ana yi mai bulala shi bari," in ji Inna. "Gawa fa, mi za ku yi mata? Ci abinki, ɗiyata."

Na cinye tana yi mini fifita, abincin kuma ya zauna. Ɗan da na haifa, shi ya ja sallar jana'izarta.

Allah ya ciyar da ke a Aljanna, Inna, ya kuma zaunar da ni kusa da ke.